Uba uku, shekara uku: wanne ne na Kaka?

Wata 'yar Zariya da ke aikin jinya a Ingila ta rubuto mana cewa: "Malam, ina so in rubuta wa yarana salsalar gidanmu na Unguwar Juma, tunda a nan Ingila aka haife su. Amma kakana na wajen uba ya rikita ni. Takardar fanshonsa ta reluwe ta ce 1925 aka haife shi, ɗan Garba. A takardar ƙarshe ta wani rubutaccen Alƙur'ani na gidanmu an sa haihuwarsa da Larabci, shekara ta 1339, ɗan Abubakar, yayana ya yi lissafi ya ce 1918 ke nan. Gwaggonmu ta ce shekarar da Turawa suka cire Sarki Aliyu Ɗan Sidi aka haife shi. Ga kuma takardar makaranta da ta kira shi ɗan Ibrahim. Wanne zan ɗauka?"

'Yata, Allah ya yi albarka. Kwantar da hankalinki, rabin rikicin nan ba rikici ba ne.

Mu fara da lissafin yayanki, don nan aka fara ɓata hanya. Ya ɗauki tazarar da ke tsakanin Hijira da Miladiyya a yau, wajen 579, ya ɗora a kan 1339. Sai dai tazarar ba a tsaye take ba. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana goma sha ɗaya, don haka duk shekara 33 na wata daidai suke da 32 na rana, tazarar tana ta raguwa. Shekarar 1339 ta kama ne a tsakiyar Satumba 1920, ta ƙare a farkon Satumba 1921. To yaushe aka sauke Ɗan Sidi? Ya hau a 1903 bayan Turawa sun cire Kwasau, su ɗin dai suka sauke shi a 1920 suka kai shi Lokoja, aka naɗa Dalhatu. Kin ga Gwaggo da Alƙur'anin gida bakinsu ɗaya. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe kalanda ba ta fi mai kalkuleta dacewa.

Amma kada ki yi saurin murna da shaida biyu. Ki tambaye ta wa ya gaya mata. In ta ce kakarta, wadda ta yi wankan jegon, to kin sami shaida mai zaman kanta. In kuwa wani malamin gida ne ya karanta rubutun nan ya fassara mata, shaidar ɗaya ce ta shigo ta ƙofa biyu. Irin haka yana yawan ruɗin masu bin salsala: mutum biyar su faɗi abu guda, ashe duk daga bakin tsoho ɗaya suka sha.

Sai 1925 ɗin reluwe. A zamanin nan ba a yi wa 'yan cikin ganuwa rajistar haihuwa. Saurayi ya je neman aiki Sabon Gari, akawu ya dube shi sama da ƙasa, ko likita ya duba haƙora, a yanke masa shekaru. Wani kuma da gangan yake ragewa don ya daɗe bai kai ritaya ba, kamar yadda wasu iyaye kan rage wa yaro shekaru don kada ya shiga layin masu biyan haraji. Takardar tana da tambari da sa hannun Bature, shi ya sa take cika ido, amma an rubuta ta bayan haihuwar da shekara ashirin ko fiye, wanda ya rubuta kuma bai san gidanku ba. Abin da za ki yarda da ita a kai shi ne abin da aka yi ta dominsa: ranar kama aiki, muƙami, tashar da ya zauna, albashi. Haka za ki riƙa yi wa kowace takarda tambaya: wa ya rubuta ki, yaushe, don me, daga bakin wa?

Garba da Abubakar kuwa ai mutum ɗaya ne, kamar yadda Iro yake Ibrahim, Shehu yake Usman, Sanda yake Umaru, Mamman yake Muhammadu. Malami ya rubuta sunan yanka, akawu ya rubuta wanda ake kira a ƙofar gida. Ki shirya haɗuwa da fiye da haka. Alkunya kan sa uwa ta ƙi faɗin sunan ɗan fari har laƙabi ya binne sunan gaskiya. Mai sarauta kan tashi daga wannan sarauta zuwa waccan, sai takarda ta ce Ɗan Galadima a bana, wata ta ce Madaki bayan shekara goma, alhali mutum ɗaya ne. Ko kuma ta ce Madaki sau biyu alhali mutum biyu ne. Mafi haɗari shi ne takwara. Jika ya ci sunan kaka, bayan shekara ɗari a narkar da su su zama mutum ɗaya. Duk inda kika ga wani a salsalarku ya yi yaƙi zamanin Kwasau kuma ya yi zaɓen 1959 da ƙarfinsa, ki nemi na biyun, yana nan a ɓoye.

Ibrahim ɗin makaranta shi ne tambayar gaske. Zatona riƙo ne: ƙanen uba, ko kawu, ko malamin da aka ba shi yaron, shi ya kai shi makaranta aka rubuta sunansa. Zato ne dai, sai kin tabbatar. Abin da ke raba gardamar nan shi ne gado. Ɗan riƙo ko ya tsufa a gidan ba ya cin gadon mai riƙonsa a matsayin ɗa, kuma alƙali ba ya raba gado sai ya ji wane ne ɗan wane daga bakin shaidu. Ki tambaya: gonar wa Kaka ya gada? Ɗakin wa aka ba shi a cikin gida? In akwai takardar rabon gado da ta rage a wata gafaka ko akwatin ƙarfe, a kan maganar uba ta fi takardun makaranta goma.

Na san za ki so a shiga ma'ajiyar tarihi. Akwai Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, inda fayilolin Lardin Zariya suke ƙarƙashin alamar ZARPROF, akwai Gidan Arewa a Kadunan, akwai kuma Sashen Tarihi da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. Amma ki rage buri. Razdan da Di'o sun damu da hakimai da dagatai da kuɗin haraji da jangali, ba da haihuwar talaka ba. In gidanku na sarauta ne, Mallawa ko Barebari ko Katsinawa ko Sulluɓawa, ko kun yi alƙalanci ko aikin En'e, za a iya cin karo da suna. In ba haka ba, abin da za ki samu shi ne yanayin zamanin. Wanda za ki aika kuma ki gaya masa ya nemi suna ta kowace siga, don Turawa yadda kunnensu ya ji suke rubutawa: Garuba, Abubekr, Momman. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ ma sai a shekarun 1930 suka zauna a boko. Ki biya shi kan hoton shafi da lambar fayil, kada ki biya kan "na duba na gani".

Gaskiya ma kafin Kaduna, Gwaggo. Fayil zai jira ki, ita kuwa sai yadda Allah ya yi. Ki sa wata jikarta ta zauna kusa da ita da waya bayan la'asar, ku yi ta WhatsApp, a ɗauki muryar. Kada ki ce mata "wace shekara", ba haka take ajiye lokaci ba. Ki ce: da aka naɗa Sarki Ja'afaru, Kaka ya yi aure? (1937 ke nan.) Da aka tafi yaƙin Bama yana reluwe? Wa ya girmi wa, shi da wance? Su wa aka yi wa kaciya tare? Mata su ke riƙe da jerin haihuwa da goyo da yaye, kuma da tazarar yaye kaɗai kina iya jera 'yan ɗaki ɗaya kusan daidai.

Akwai inda za ta yi shiru, ko ta ce "bar wannan". Ki bari a ranar. Ƙasar Zazzau ƙasar rinji ce, wato ƙauyukan bayi masu noma, bauta kuma ba ta ƙare rana ɗaya ba: dokar Turawa ta ce wanda aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne ba bawa ba, amma sai 1936 aka soke bautar gaba ɗaya. Gidaje da yawa, har manya, akwai kaka sa-ɗaka ko kakan da ya fanshi kansa a gaban alƙali, kuma wani saɓanin takardu rufin asiri ne da aka yi da gangan. Ni a ganina ba abin kunya ba ne, amma ba a zauren WhatsApp na dangi ake fara fasa shi ba. Ki fara da dattijon gida, ku biyu.

Wajen rubutawa, ki sa: an haife shi 1339 Hijira, wato 1920 ko 1921, bisa rubutun Alƙur'anin gida da shaidar Gwaggo, takardar reluwe ta ce 1925, takardar makaranta ta danganta shi da Ibrahim, ana zaton mai riƙonsa ne. Kada ki share wanda kika ƙi, wata jikar na iya samo abin da zai juya hukuncin.

Abu ɗaya da ya shafi zamanki a can. Bincike irin wannan yakan tono cewa shekarun mahaifi, ko ma na mutum kansa, a takardar rantsuwar kotu ba su dace da na gida ba. In haka ta faru, littafin salsala daban, fasfo da NIN da takardar zama daban. Kada ki cika wani fom da sabuwar ranar da kika gano, ko ki taɓa takardun Baba in kina shirin nema masa biza, sai kin zauna da lauyan shige da fice mai lasisi a can Ingila ya duba su duka tare.