Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Ina Yaran Ƙauye Za Su Yi Wasa Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni matar aure ce a wani ƙauye a nan Jigawa. Dan Allah wai ƙaramar hukuma tana da hannu a maganar wajen wasan yara ko kuwa sai a birni ake wannan? Dalilin tambayata shine dandalin da muka taso muna gaɗa a cikinsa duk an yanka shi fuloti-fuloti, saura ɗan wani fili a bayan masallacin Juma'a shima naji ana cewa wani ya taya, yaranmu kuma yanzu in ba kan titi ba sai bakin kududdufi, da damina kullum gabana faɗuwa yake sai na ga sun shigo gida, ga 'yan acaɓa ba sa jin kira. Maigida yace in bar maganar wai ba ta mata bace.
Daga wata uwa

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, amin na gode. Tana da hannu mana, hannu dumu-dumu ma. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a jadawalinsa na huɗu inda aka jero ayyukan ƙananan hukumomi, ya sa ginawa da kula da wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen jama'a a layi ɗaya da tituna da magudanan ruwa da fitilun kan hanya. Kuma bai ce na birni kaɗai ba, duk 774 ɗin ne, da 44 na Kano da 27 naku na Jigawa. Abin da ya sa ba kya ji ana maganar shine babu mai tambaya, kowa in ya samu ciyaman sai burtsatse da kwalbati da taki, kuma ban ga laifinsu ba, ƙishirwa ai ba ta jira.

Amma bari in gaya miki gaskiya, kada ku fara da roƙon lilo. Ku fara da filin nan na bayan masallaci, tun kafin a kafa masa fegi. Kayan wasa ko bayan shekara goma aka samu kuɗi za a iya saya, fili kuwa in aka zuba masa bulo ya tafi kenan har abada. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta raba abin gida biyu, ƙasar da aka ayyana a matsayin birni tana hannun gwamna, wadda ba birni ba kuma ƙaramar hukuma ce ke kula da ita, ita ke ba da izinin mallaka irin na gargajiya, kuma dokar ta ba ta ikon ware fili domin amfanin jama'a, in akwai mai gini ko shuka a kai a biya shi diyya. Kinga kenan a ƙauye irin naku maganar ba sai ta kai Dutse ba, a sakatariyarku za ta iya ƙarewa.

Abu na farko a gano filin na waye. Da yawa daga dandalolin da ake kuka a kansu ba na gari bane tun asali, gonar wani ce ko kangon wani gida da aka bari yara suna wasa shekara da shekaru, mai shi ya rasu magada suka zo rabon gado, to su kuma ba za ka hana su haƙƙinsu ba. In haka ne sai a zauna da su, ko ƙaramar hukuma ta biya, ko a yi musu musanya da wani wuri, ko gari ya yi karo-karo, wani lokacin ma in an bi da lalama sai ka ga wani ya bayar waƙafi saboda iyayensa. In kuwa na gari ne to mai unguwa da dagaci sun sani, dattawan da suka yi langa a wurin suna nan da ransu, a tara su su faɗi iyaka, a rubuta, su sa hannu, dagaci ya kai wa hakimi, kansilanku ya ɗauki kwafi ya kai majalisar ƙaramar hukuma, a nemi a turo ma'aikacin ƙasa ya auna ya kafa duwatsun iyaka a shigar da shi a rajista cewa filin wasan yara ne. Takardar kuma kada ta zauna hannun mutum ɗaya. Ɗaya wajen dagaci, ɗaya wajen liman, ɗaya wajen ƙungiyar ci gaban gari, domin kansila yau yana nan gobe wa'adinsa ya ƙare.

Maganar kududdufi kuwa kin taɓo inda yake min ciwo. Duk damina sai an ji jami'an kashe gobara a Kano sun ciro gawar yaro daga kududdufi, yawanci wanka ya je da abokai, ramin da aka haƙa ana ɗibar ƙasar gini ne bakinsa a tsaye yake, yaro na taka ƙafa sai ya zurma. Wanda ya tsira daga nutsewa kuma ga tsargiya, fitsarin jinin nan da wasu ke ɗauka alamar balaga ce, alhali cuta ce da ake ɗauka a ruwan da yake kwance mai dodon koɗi a ciki. Wannan hujjar ku sa ta a gaba a takardarku, ta fi kama zuciyar mai mulki a kan ku ce kuna son wurin nishaɗi.

Shi kuma maigida a gaishe min da shi, a gaya masa ba sai kin je sakatariya da kanki ba. Ki tara matan Islamiyyarku ku yi magana da uwargidan dagaci da malaminku, kowacce kuma ta koma gida ta tasa nata a gaba. Ranar zaɓe layin waye ya fi tsawo? Kansila ya san amsar.

TAMBAYA: Salam Malam ya ƙoƙari. Nine sakataren ƙungiyar matasan garinmu a arewacin Kano, mu Alhamdulillahi fili muna da shi kusa da firamare, kuma kansilanmu yace zai yi ƙoƙari a sa mana wani abu a bajet mu kawo lissafin abinda muke so. To wasu sunce a sayo irin kayan da ake gani a wuraren wasa na cikin Kano masu kala-kala, wasu sunce a zuba siminti a wurin ya yi kyau kamar na makarantun kuɗi, har an fara musu a guruf ɗinmu na WhatsApp. Me kake ganin ya dace?
Daga wani matashi

AMSA: Ɗan uwa, siminti dai a'a. Ku cire shi daga lissafi tun yanzu. Yaro in dai zai hau abu to zai faɗo, wannan babu makawa, abin dubawa shine a kan me zai faɗo. A ƙarƙashin lilo da duk abin hawa yashi ake so mai laushi, zurfinsa kamar santimita 30, wato ƙafa ɗaya, a haƙa wurin a cika a kewaye bakinsa da tsofaffin tayoyi da aka binne rabi don kada ya baje. Tifar yashi kuma ta fi buhunan siminti araha nesa ba kusa ba. Sai dai yashin yana tafiya, iska ta kwasa ƙafa ta ture, musamman daidai inda ƙafar mai lilo ke sharar ƙasa, dole a riƙa mayarwa.

Kafin yashin ma, inuwa. A Maris da Afrilu da Mayu zafin garuruwanmu yana haura digiri 40, wannan zamiyar ta ƙarfe da kuke gani tana ƙyalli in ta sha rana tana iya sale fatar cinyar yaro, na roba kuma rana ce ke cinye shi, ya koɗe ya tsage ya zama mai yanka. To filin da ba bishiya daga hantsi zuwa la'asar ba mai zuwa, kun kashe kuɗi don awa biyu kenan. Ku shuka darbejiya a gefen yamma da kudu da farkon damina, tana da saurin girma kuma ba ta da ƙaya, ku haɗa da ceɗiya ko durumi ko tsamiya saboda 'yan baya. Gawo kam a bar wa gona, ga ƙaya, ga shi da damina yake zubar da ganye. Sashen noma na ƙaramar hukuma akwai masu kula da gandun daji, ku tambaye su dashe, ku dai ku tanadi kejin da za a kewaye kowanne, in ba haka ba awaki kuka yi wa hidima.

Sannan ku je ku tsaya a filin bayan an yi ruwa mai ƙarfi ku ga inda ruwa ke kwanciya da inda yake bi. Mutanen da ke yankin kogin Haɗeja da suka ga ambaliyar 2022 ba sai an yi musu wannan bayanin ba. Wurin da ruwa ke zama a cike shi ko a yi masa hanya kafin a kafa komai. Tayoyin da za a yi amfani da su a huda su a ƙasa, in ba haka ba gidan sauro kuka gina.

Kayan kuma ni dai ina ganin mai waldan garinku ya fi muku ɗan kwangilar da zai kawo daga nesa ya ɗauki hoto ya tafi, saboda ranar da sarƙar lilo ta tsinke shi za ku kira da ƙafa. Amma ku tsaya a kansa. Bututu mai kauri, a binne ƙafafun da kankare a ƙarƙashin ƙasa yashi ya rufe, a goge duk bakin walda kada ya bar tsini, kujerar lilo ta zama ta taya ko bel ba katako ko ƙarfe ba don kada ta yi rauni in ta bugi goshi, gaba da bayan lilon a bar fili kamar ninki biyu na tsayinsa ba komai a wurin. Akwai wani abu da masu walda ba su cika lura ba, tazarar da ke tsakanin sanduna, in ta faɗa tsakanin santimita 9 da 23 jikin ƙaramin yaro zai wuce kansa ya maƙale, don haka ko ta fi haka matsewa ko ta fi haka faɗi. Katako kuwa kun san halin gara. Kuma komai a walde shi ya zama ba ya kwancuwa, 'yan jari-bola ba su san na yara ba.

Yanzu ga inda nake ganin ƙungiyoyin matasa suke zamewa. Da an ce filin wasa sai a kafa raga biyu a ce an gama, samari su mamaye wurin da tamaula, ƙanana su koma gefe suna tsinto ƙwallo, 'yan mata kuwa ko leƙowa ba za su yi ba. Ku raba filin. Ɓangaren ƙwallo daban a can nesa, na ƙanana kusa da gidaje inda ido ke kaiwa, sannan a bar wani wuri a share fes ba a kafa komai ba a ƙarƙashin bishiya, nan za a yi gaɗa da carafke da 'yar gala-gala da langa, waɗannan ba sa buƙatar sisin kowa sai ƙasa mai kyau wadda ba ƙaya ba ƙarangiya ba fasassun kwalabe. Ku je firamaren nan ku roƙi hedimasta ya ba ku 'yan aji huɗu zuwa shida, maza daban mata daban, ku tambaye su a ina suke wasa yanzu kuma me ke korarsu. Sun san ramin kunama da inda ake yin bahaya da gidan mai karen da ke bin su, abubuwan da ku ba za ku gani ba.

Batun bajet, wajen ƙarshen shekara ake haɗa shi, don haka takardarku ta shiga da wuri, a rubuce da farashi, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, to hukunci daban aiwatarwa daban, kada ku gina lissafinku a kan an samu kuɗi. Ku kasa aikin zango-zango, wanda za ku yi da aikin gayya kamar shara da shuka da shinge ku fara kawai, na kuɗi ku bar wa hukuma. Kuma ku sa layin gyara na kowace shekara a ciki, man giris da fenti da ƙarin yashi da ɗan alawus na mai kula, shine layin da kowa ke mantawa.

TAMBAYA: Malam ni dattijo ne, ina jin wannan maganar a wajen yaran garinmu amma tsorona kada mu gina wa 'yan shaye-shaye majalisa da hannunmu, kuma yara su daina zuwa makarantar allo.
Daga wani uba

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, tsoronka yana kan hanya, an ga hakan a wurare. Amma in ka duba wuraren da suka lalace za ka tarar a bayan gari aka kai su ko aka zagaye su da doguwar katanga, ba mai ganin ciki. A yi shi a tsakiyar mutane, shingen ya zama gajere wanda zai tare dabba da babur amma ba zai tare ido ba, a sa fitilar sola ɗaya ko biyu, 'yan sintirin gari su riƙa bi ta wurin da dare. Sannan a yi dakali a gindin bishiya ku dattawa ku mayar da hirar la'asar can, ai ba mai kunna wani abu a gabanku. Lokaci kuma ku za ku yanka tare da malaman allo da na Islamiyya, in lokacin karatu ya yi a tashi, da an kira magariba kowa ya nufi gida, Alhamis da Juma'a da ba karatun allo a sakar musu.

TAMBAYA: Mu ba mu da fili ko kaɗan sai na makarantar firamare, ya halatta yara su shiga bayan an tashi?
Daga wata malamar Islamiyya

AMSA: Malama wannan ba hurumin kansila bane shi kaɗai, firamare tana ƙarƙashin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Ku bi ta kwamitin al'umma mai kula da makarantar, wato SBMC, wanda dama akwai iyaye da mata da wakilin mai gari a ciki, su zauna da hedimasta a rubuta sharaɗi, ƙarfe nawa ake buɗewa, wa ke riƙe mukulli, wa zai biya in an fasa taga. Hedimastoci da yawa abin da ke sa su ƙi kenan, in an yi ɓarna su ake tuhuma, to in kun ɗauke masa wannan nauyin a rubuce sai ya kai wa sakataren ilimi ya sa hannu.