Minti 40 ɗin nan ba 40 ba ne

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce makonka uku da fara gwajin koyarwa a ƙaramar sakandare, kana ɗaukar lissafi a aji ɗaya, kuma kullum ƙararrawa sai ta riske ka tsakiyar bayani, ba ka kai ga ba yara aiki ba. Ga malamin da zai duba ka daga kwaleji yana tafe. Kana tambaya ko ka ƙara sauri.

Kada ka ƙara. Kayan za ka rage.

Fara da ƙirga abin da ke hannunka. A jadawali an rubuta minti 40, amma malamin da ka gada sai ya ci uku yana ƙarasa maganarsa a bakin ƙofa. Monita zai goge allo, a aika wani ofis ɗauko alli. In bayan tara ne, za su yi ta shigowa ɗai-ɗai, wani da sauran awara a baki. In darasin farko ne da hunturu, ka san sauran. Abin da zai rage maka bai fi talatin da ɗoriya ba, don haka darasin minti talatin za ka shirya. Na tabbata in na buɗe shirin darasinka zan tarar da manufa huɗu ko biyar a jere, don a ce ka yi ƙoƙari. Taura biyu ba ta taunuwa. In rabawa mai saura ce aikin yau, to ita kaɗai: yaro ya fita ya iya raba 47 gida 5, ya ce tara, saura biyu, ya kuma san dalilin biyun nan.

Mu da aka ɗiba zamanin UPE, shirin ilimin firamare ga kowa da aka fara a 1976, ba mu san wannan ba sai da muka sha kunya. Shekarata ta farko a wata makarantar ƙauye, hedimasta ya shigo ajina, ya zauna a bencin baya, ya kwance agogonsa ya ajiye a cinya. Ni kuwa na ga baƙo, sai na buɗe murya, na cika allo har ƙasa, ina zufa. Da aka buga ƙarfe (gindin wilin mota ne rataye a bishiyar darbejiya) ya miƙo mini 'yar takarda. Layi biyu ne a ciki: mintocin da na yi ina magana, da mintocin da yara suka riƙe fensir. Na biyun bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Ya ce, "Malam, kai kam ka iya rabawa. Su fa?"

Tun ranar nake da ƙa'ida: in an kai minti na ashirin, alli ya sauka, ko ina tsakiyar jimla. Kafin nan, minti uku zuwa biyar na tuna na jiya da tambaya biyu, ba wa'azi ba. Sai misali ɗaya da zan yi ni kaɗai, na biyu mu yi tare, na uku yaro ya fito allo. Daga nan aikinsu ne, kai kuma ka shiga tsakanin layuka. Tsarin ilimi na ƙasa bai yarda ɗalibai su wuce 40 ga malami ɗaya a sakandare ba. Kai ka ce naka sun haura 80, wasu a ƙasa suke zaune. Ba za ka duba littafin kowa ba, kada ma ka fara, layin masu jiran maki kaɗai zai cinye darasin. Leƙa shida ko bakwai: biyu a gaba, biyu a tsakiya, sauran can baya inda ake feƙe fensir da reza. In huɗu sun yi kuskure iri ɗaya, tsayar da aji, gyara a allo, minti biyu. Wannan ya fi duk bayanin da ka yi a farko amfani, domin yanzu sun san inda ke musu ƙaiƙayi.

Babban ɓarawon lokaci kuwa kwafar rubutu ne. Abin da ka rubuta cikin minti biyu, ɗan aji ɗaya zai yi shida yana kwafa, kuma muddin yana rubutu ba ya jin ka. Ka ce a ajiye biro in kana bayani, rubutun ya zo daga baya, gajere.

Za ka ce manhajar zango fa, ai ba za ta ƙare ba. Ka yi makarantar allo. Ka taɓa ganin malam ya yi wa yaro ƙari bai biya na jiya ba? Ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Malamin da zai duba ka, in ya san aikinsa, ƙarshen darasi zai zuba wa ido: ka tambayi yara, sun amsa, ka rufe kafin ƙarfe? Saboda haka tun a gida ka sa alama jikin abin da za ka yar in lokaci ya ƙure, misali na uku ne ko dogon gabatarwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Minti biyar na ƙarshe dai ba a taɓa su.

Wata rana kuma akasin haka za ta faru, ka gama saura minti goma, aji ya kaure da surutu. Riƙe tambaya biyu masu ɗan tauri a aljihu saboda irin ranar. In an haɗa maka darasi biyu, minti 80, raba shi gida biyu, kowanne da nasa aikin.

Ka sayi agogon hannu, ko na ɗan kuɗi kaɗan ne; ciro waya a gaban yara ba ya yi wa malami kyau. Gobe ka roƙi ɗaya daga cikin abokan gwajinka ya zauna a baya ya rubuta maka layi biyun nan, ka turo mini in gani, tare da shirin darasin ranar Alhamis.