Tambaya da Amsa: Me ya sa ƙaramin jirgi ke sauka a karkace in ana iska?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gonarmu tana kusa da filin jirgin Dutse, ranar nan hadari ya taso da yamma muka ga wani ƙaramin jirgi irin na feshin tsuntsaye jan-baki ya zo sauka a karkace, taya ɗaya ta taɓa ƙasa sai ya sake tashi ya kewayo. Mutanenmu suka ce ai ɗan koyo ne. Don Allah haka ne, kuma iska tana iya kada jirgi? Daga Sani, Dutse.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam Sani. Wallahi wannan matuƙin da kuka gani ya san aikinsa, ka gaya wa mutanenku ba ɗan koyo ba ne.

Shi jirgi yana son ya sauka yana fuskantar iska, don tana rage masa gudu a ƙasa ya tsaya da wuri. Matsalar ita ce titin jirgi a shimfiɗe yake waje ɗaya, iska kuwa ba ta shawara da kowa, in ta bugo ta gefe sai ta riƙa tura jirgin tana fitar da shi daga titi. Ka taɓa ganin mai kwalekwale zai tsallaka kogin Haɗeja lokacin da ruwa ke gudu? Ba ya saita bakin jirginsa daidai inda zai sauka, sai ya ɗan karkata wajen da ruwan ke tahowa don ruwan ya kawo shi. To haka matuƙi ke yi, ya juya hancin jirgin wajen iskar, in ya kusa ƙasa ya miƙar da shi, ya sauke fiffiken da ke ɓangaren iskar, shi ya sa tayar wannan ɓangaren take fara taɓa ƙasa. Da gangan ne, a kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya ma ana koyar da shi.

Amma fa kowane jirgi da iyakarsa. Cessna 172, wanda ake yawan koyon tuƙi da shi a duniya, iskar gefe da kamfanin ya gwada shi da ita ba ta wuce kilomita 28 a awa ba, kaga kuwa iskar da ke gaban hadari a nan wajenmu, wadda ke yaye kwanon ɗaki, ta fi haka nesa ba kusa ba. Jiragen feshi kuma yawanci tayoyi biyu ne a gaba ƙarama ɗaya a wutsiya, nauyinsu yana bayan manyan tayoyin, to in iska ta daki wutsiyar bayan ya sauka sai jirgin ya wulwula a kan titi, fiffike ya ja ƙasa ko ƙafar taya ta karye, wani lokaci har ya kife.

Wadda ta fi ban tsoro ita ce iskar da ke canzawa farat ɗaya, tana bugowa ta gaba da ƙarfi sai ta ɗauke ko ta koma ta baya, jirgi ya rasa abin da ke riƙe da shi a sama alhali yana dab da ƙasa babu sararin gyarawa. Wannan ko babban jirgi ba ta bari. Jirgin da ya faɗi a Abuja ran 29 ga Oktoba 2006 jim kaɗan da tashinsa, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki tare da mutane da yawa, bincike ya nuna irin wannan iskar ya shiga. Allah ya jiƙansu.

Shi ya sa tashin nan da matuƙin da kuka gani ya sake yi ya fi burge ni. Da yawan haɗarin sauka daga naci yake zuwa, mutum ya ga jirgi bai daidaita ba amma ya ce sai ya sauka don kar a ce ya kasa, ko don yana sauri. Ƙa'idar ita ce in bai zauna daidai ba ka ƙara wuta ka tashi ka sake gwadawa, in iskar ta ƙi lafawa ka nufi wani filin kamar na Malam Aminu Kano.

In ka sake zuwa gona ka duba gefen titin, za ka ga wani ƙyalle mai ruwan lemo kamar hannun riga a jikin sanda. Inda jelarsa ta nuna nan iska ta nufa, in ya miƙe sambal kuma ya gitta titin, to jirgin da zai sauka a karkace za ka gan shi.