Shekarata 27 amma furfura ta fara fito min, wai me ke jawo haka?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah tambaya gareni. Shekarata 27, ranar nan ina tsefe kai a gaban madubi sai na hango wani sili fari tas a gefen goshina, na sa hannu na tsige shi, bayan kamar wata biyu sai na ga har guda uku a wajen. Ƙawata ta ce wai tsigewar ce ta jawo suka ƙaru, kuma wai tunani ne ya min yawa. Abin da ya fi ɗaure min kai yayata da ta girme ni da shekara 9 ko ɗaya ba ta da shi. Sannan ɗana lokacin da aka haife shi gashinsa ja-ja ne, yanzu yana shekara 4 ya koma baƙi wuluk. Wai me ke ba gashi launinsa ne, kuma me ya sa yake canzawa? Daga Maman Yaro Ɗaya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Toh kwantar da hankalinki tukuna, sili uku ai ba su kai a ɗaga hankali ba, ni da nake ba ki amsar nan na daina ƙirga nawa tuntuni.

Abu na farko da nake so ki riƙe shi ne gashin da kike gani a waje, wanda kike tsefewa kike shafa wa mai, ba shi da rai. Duk aikin a cikin fata ake yinsa, a wani ɗan rami da kowane sili yake tsirowa daga ciki. A gindin ramin akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira melanosayit, aikinsu kawai haɗa wani sinadari mai suna melanin suna ɗura wa gashin tun yana sabo kafin ya leƙo waje, kamar dai mai rini da ke zaune a bakin masaƙa, zare na fitowa yana tsoma shi. Wannan melanin ɗin shi ne kuma yake ba fata da ƙwayar ido launinsu, shi ya sa zabiya da jikinsa ba ya iya haɗa shi sosai za ki ga fata da gashin duk sun yi haske tare.

Melanin ɗin iri biyu ne. Akwai yumelanin, shi ne baƙi ko ruwan ƙasa, akwai kuma fiyomelanin mai ja da ɗorawa. Kowa yana da duka biyun, yawan ne ya bambanta. In yumelanin ya cika maƙil sai gashi ya fito baƙi, wanda shi ne launin da ya fi yawa a duniya, in ya ragu sai ruwan ƙasa, in ɗan kaɗan ne sai ruwan zinare. Masu jan gashi kuwa, da ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na mutanen duniya ba kuma sun fi yawa a ƙasashen Sikotilan da Ayalan da ke Turai, su wani canji ne a ƙwayar gado mai suna MC1R yake sa jikinsu ya fi haɗa na jan. Kuma kar ki ɗauka gashi mai haske na Turawa ne kaɗai, a tsibiran Solomon da ke tekun Fasifik akwai mutane baƙaƙen fata masu gashi ruwan zinare, a 2012 masu bincike suka gano wata ƙwayar gado ce daban, TYRP1, ba su gaje shi daga Bature ba.

Batun ɗanki mai sauƙi ne. Jarirai da yawa ƙwayoyin rinin nasu ba su gama kankama da aiki ba, gashin farko ya zube, wanda ya biyo baya ya zo da duhu. Inda za a damu shi ne akasin haka, wato yaro mai baƙin gashi ya dawo ja-ja, gashin ya yi laushi yana tsinkewa, ga kumburin ƙafa ko ciki, wannan kam alamar rashin abinci mai gina jiki ce, asibiti za a nufa ba jira.

Yanzu mu zo kan furfurar. Mutum yana da sili wajen 100,000 a kansa, kowanne yana tsiro na shekara 2 zuwa 7, ya huta, ya faɗi, sabo ya fito a ramin. Shi ya sa zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba komai ba ne. Toh duk lokacin da za a fara sabon sili sai an ɗebo sababbin masu rini daga wata 'yar ajiya da ke cikin ramin, kuma ajiyar nan ƙarewa take yi a hankali, ranar da ta ƙare sai silin ya fito haka nan ba a rina shi ba. Kin ga kenan ba baƙin gashin ne ya rikiɗe ya zama fari ba, sabo ne ya fito ba launi. Ko ruwan tokar da ake gani a kan dattijo yawanci ido ne ke haɗa fari da baƙi daga nesa.

Yaushe ajiyar za ta ƙare? Gado ne kan gaba, nesa ba kusa ba. Turawa sukan fara a tsakiyar shekarunsu na 30, mutanen Asiya wajen ƙarshen 30, baƙar fata kuma sai tsakiyar 40, kuma likitoci na kiranta furfurar wuri in ta zo wa baƙar fata kafin 30. Taki ta ɗan yi sammako kenan. Ki tambayi Mama da Baba shekarunsu nawa suka fara, har kakanni, da wuya ki rasa wanda kika biyo. Ita kuma yayarki, ai ciki ɗaya ba ya nufin rabo ɗaya, ta ɗauko wani ɓangaren kin ɗauko wani.

Maganar ƙawarki rabi gaskiya ce rabi kuma labari. Tsigewa ba ta ƙara furfura, rami ɗaya ba ya shafa wa maƙwabcinsa, waɗancan biyun da ma suna hanya. Amma ki daina tsigewar, don wanda zai fito a wajen fari ne dai, kuma in kika matsa wa ramin zai iya mutuwa ki samu fili. Tunani kuwa akwai ƙamshin gaskiya. A 2020 masu bincike a jami'ar Harvard sun nuna a jikin ɓeraye cewa tsananin tashin hankali yana sa jijiyoyi su saki sinadarin da ke kwashe ajiyar nan gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki. Ɓera dai ba mutum ba ne, amma a 2021 wasu a jami'ar Columbia sun duba gashin mutane sili-sili suka ga wasu da suka yi fari sun dawo da launinsu bayan mai su ya samu sauƙin damuwa. Labarin sarauniyar Faransa Mari Antuwanet da aka ce kanta ya yi fari fat a dare ɗaya kafin a kashe ta a 1793, wannan ni ban yarda da shi ba, gashin da ya riga ya fito ba ya jin tsoro.

Abin da zan ce ki yi tunda kina ƙasa da 30, in kin ga tana ƙaruwa da sauri ko kina yawan jin kasala da jiri, ki je a miki gwajin jini a duba bitamin B12 da kuma halittar nan ta wuya da ke kawo maƙoƙo in ta samu matsala, don waɗannan biyun suna kawo furfurar wuri kuma ana maganinsu. Shan taba ma yana gaggauta ta. In duk lafiya lau ne toh gado ne, kuma duk mai ko ƙwayar da aka tallata miki a intanet wai tana mayar da furfurar gado baƙi, ki riƙe kuɗinki.

In rini za ki yi, ki fara shafa ɗan kaɗan a bayan kunne ki jira awa 48, saboda baƙin rini da yawa yana ɗauke da sinadarin PPD da ke kumbura wa wasu fuska da fatar kai. Kuma gashi yana tsiro kusan santimita 1 a wata, don haka bayan sati huɗu zuwa shida za ki ga farin ya sake leƙowa daga gindi.