Baƙin Mai Yana Yoyo Daga Murfin Inji: Zan Iya Canza Gaskit a Gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jidda, ina da Toyota Camry ƙirar 2008 mai silinda huɗu. Tun da zafi ya kama nake jin ƙaurin baƙin mai duk lokacin da na tsaya a danja, idan kuma na ɗaga bonet sai in ga gefen murfin saman inji ya jiƙe, ƙura ta daskare a kansa. Na ƙara ɗaure kusoshin murfin, na shafa gam ta waje, amma ba a yi mako ba yoyon ya dawo. Ga shi lokacin fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, ya kusa. Zan iya canza gaskit ɗin da kaina a gida, ko dole sai na kai ta sana'iyya, wato unguwar garejin bakanikai?

Daga wani mai karatu a Jidda

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ka iya, domin a wannan injin murfin bawul, wato murfin saman injin da ka ambata, yana sama a fili, ba sai an sauke wani babban abu kafin a kai gare shi ba, kuma mutum mai natsuwa zai gama cikin awa biyu. Sai dai abubuwa biyun da ka riga ka yi su ne suka fi ɓata wannan aiki, saboda haka daga kansu zan fara.

Gaskit ɗin murfin bawul roba ce da take zaune cikin wani kwarmi a bakin murfin, kuma laushinta ne yake tare mai. Motar da ta shekara fiye da goma tana shan zafin inji a kan zafin Jidda, ga cunkoso ga na'urar sanyi a kunne, robarta tana bushewa har ta koma kamar busasshiyar fata, idan ka lanƙwasa ta sai ta karye. Robar da ta kai wannan hali ba ta jin ɗauri. Abin da ƙarin ɗaurin yake haifarwa shi ne kusa ta tsinke, ko zarenta ya cinye a cikin kan injin, wanda alminiyam ne mai laushi, ko murfin kansa ya tsage. Shi kuwa gam da aka shafa ta waje a kan wuri mai maiƙo, ba ya kama komai.

Kafin ka sayi kaya, ka tabbatar daga inda man yake fitowa. Ka goge wurin tas, ka yi tuƙi kwana ɗaya ko biyu, sannan ka haska da tocila ka nemi wuri mafi tsawo da ya jiƙe, tunda mai ƙasa yake gangarawa. Wani lokaci robar marufin da ake zuba mai ce ta mutu, ko kuma mai juyen mai ya zubar bai goge ba. Ƙaurin da kake ji kuwa yana nuna man yana ɗiga kan bututun hayaƙi mai zafi, wanda a wannan motar yake gaban inji, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin kada ka ja lokaci.

A shagon kayan gyara ka tafi da istimara, wato takardar rajistar mota, domin su duba da lambar jikin mota, ka ce kana son wajh ghaɗa al-buluf, wato gaskit ɗin murfin bawul da Larabci. Ka kula kada a ba ka wajh ar-ras, wato gaskit ɗin kan silinda, wanda aikinsa babba ne, ba na ƙofar gida ba. Ka tambaya ko robobin ramin filogi suna ciki, domin a wasu injina a haɗe suke da gaskit, a wasu kuma daban ake sayarwa. Ni dai ba na ba da shawarar a yi tsimi a nan: mai arha takan bushe da wuri, ka sake aikin daga farko. Ka haɗa da ƙaramin bututun gam na inji mai jure zafi da mai, da soket mai lamba 10, da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare.

Ka yi aikin da sassafe bayan mota ta kwana, inji ya huce sarai, a inuwa, kuma a ranar da babu iska mai ƙura. Wannan sharaɗi ya fi muhimmanci a ƙasar nan fiye da yadda mutane suke zato, domin da zarar ka ɗaga murfin, sarƙar taimin da duk abin da ke motsa bawul suna buɗe, kuma yashin da ya faɗa ciki tare da mai zai riƙa zagayawa. Ba sai ka juye baƙin man ba. Ka cire wayar batir ta nagatif, ka ɗauki hoton injin da wayarka, ka goge ƙurar da ke kewaye da murfin tun kafin ka kwance komai. Daga nan ka cire rufin roba na sama, ka zare wayoyin koyil guda huɗu masu ba filogi wuta, ka fitar da koyil ɗin, ka cire tiyo biyu na numfashin inji da ke jikin murfin. Ka leƙa ramukan filogi. Idan ka ga mai ya kwanta a ciki, ka tsane shi da tsumma kafin ka taɓa filogin, domin wannan man ne yake sa inji rawa idan ya jiƙa koyil.

Kusoshin ba lallai tsawonsu ya zama ɗaya ba, saboda haka ka zana siffar murfin a kan kwali ka soke kowace kusa a gurbinta. Idan murfin ya ƙi tashi, ka bubbuga gefensa da tafin hannu ko gudumar roba. Kada ka cusa sukudireba tsakaninsa da kan injin, domin ƙarzane ɗaya a wannan fuska zai zama hanyar yoyo da sabuwar gaskit ba za ta toshe ba.

Mafi yawan lokacinka a kan gogewa zai tafi. Ka rufe cikin injin da tsumma, ka kankare tsohon gam da abin roba, ka share kwarmin murfin da fuskar kan injin har sai ka shafa yatsa ka ji babu maiƙo. Sai ka zaunar da sabuwar gaskit cikin kwarminta ba tare da ka ja ta ba. Gam kuwa ɗigo kaɗan ake sawa, a wurare biyu kawai inda murfin sarƙar taimin ya haɗu da kan injin. Za ka gane su da ɗan layin da ke tsakanin ƙarafan biyu da ragowar tsohon gam. Na sha ganin murfin da aka zagaye da gam kamar ana yaɓe, alhali rarar da ta matso ciki tana iya ɓallewa ta toshe rariyar famfon mai. Ka ɗora murfin cikin 'yan mintoci kafin gam ya fara bushewa.

Wajen ɗauri, ka fara shigar da kowace kusa da yatsa, sannan ka ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, kana tsallakawa daga wannan ɓangare zuwa wancan, a zagaye biyu ko uku. Ƙarfin da waɗannan kusoshi suke buƙata bai wuce 10 zuwa 14 a ma'aunin Newton-mita ba, alhali notin tayar motarka 103 ne. Idan za ka iya aron sifana mai awon ƙarfi, ka ara. Idan babu, ka riƙe sifanar kusa da kanta, ka tsaya da zarar kusar ta zauna.

Tunda murfin yana hannunka, ka cire ƙaramin bawul ɗin numfashi da ɗaya daga cikin tiyo ɗin yake shiga, ka girgiza shi. Mai lafiya yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Idan ya yi shiru ya toshe, kuma iskar da ta rasa mafita za ta sake turo mai ta gaskit, ko da sabuwa ce.

Ka bar gam ya yi aƙalla awa biyu kafin ka tayar da inji. Za ka iya ganin ɗan hayaƙi na mintoci kaɗan daga tsohon man da ke kan bututun hayaƙi. Ka duba gejin mai, ka wanke ragowar maiƙon da ya gangara ƙasan inji kafin ranar fahas, domin masu dubawa suna leƙa ƙarƙashin mota. Idan kuwa wajen kwancewa ka tarar ɗaurin da ka yi a baya ya cinye zaren wata kusa, ka mayar da murfin a hankali ka kai wa bakanike a sana'iyya ya sa mata sabon zare.