Tambayoyinku: Cin abinci da zirga-zirga a birnin Paris

Tambaya: Zan je Paris taron baje koli na kwana biyar, kuma ba na jin Faransanci. Yaya zan yi in gane abincin da babu alade ko giya a ciki? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Alhaji, kalmar porc ita ce naman alade, amma ba kasafai za ka gan ta ƙuru-ƙuru a takardar abinci ba. Alade yakan zo ne da wasu sunaye. Ka rubuta waɗannan a wayarka: jambon, lardons, saucisson, rillettes, boudin, andouillette da charcuterie. Wanda ya fi yaudarar baƙo shi ne lardons, 'yan gutsattsarin nama ne da ake barbaɗawa a kan salak ko a cusa cikin ƙwai. Quiche lorraine a ido kamar wainar ƙwai ce da madara, alhali da su ake yin ta. Croque-monsieur kuwa burodi ne da cuku, amma akwai jambon a tsakiyarsa.

Ko an ce maka naman sa ne ko kaza, kada ka saki jiki. Da jar giya ake dafa boeuf bourguignon da coq au vin, kuma galibi ana zuba musu lardons. Miyar albasar nan da suke alfahari da ita, masu dafuwa da yawa suna ɗiga mata farar giya. A kayan zaƙi, baba au rhum sunansa ma ya tona masa asiri, domin rhum wata irin giya ce.

Sai batun yanka. Naman da ke gidan abincin Bafaranshe na gargajiya ba yankan Musulunci ba ne, sai in an rubuta halal a ƙofa. Saboda haka a irin wannan wuri ka tsaya kan gasasshen kifi, wato poisson grillé, ko wainar ƙwai zalla da soyayyen dankali. Ka haddace jimla guda: sans porc, sans alcool, ma'ana ban da alade, ban da giya. In nama kake so, shiga metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na 4 ka sauka a Château Rouge. Unguwar 'yan Afirka ce, mahautan halal jere suke, kuma a kasuwar titin Dejean har kuɓewa da busasshen kifi za ka samu. Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, yana da gidan abinci da wurin shan shayin na'a-na'a. Tashar Place Monge a layi na 7 ce kusa da shi.

Tambaya: Ɗana da ke karatu can ya kai ni gidan abinci wajen ƙarfe huɗu na yamma aka ce an rufe kicin. Washegari da muka ci, mai kawo abincin ya bar mu zaune kusan rabin awa bai kawo lissafi ba. Wulaƙanci ne don mu baƙaƙe ne? Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, ba mu ce babu masu raina baƙar fata a Faransa ba, amma waɗannan biyun da kika faɗa al'adarsu ce, ko ɗan ƙasa haka ake yi masa. Abincin rana daga sha biyu ne zuwa biyu ko biyu da rabi, na dare kuma ba ya farawa sai bakwai ko bakwai da rabi. Tsakanin nan masu dafuwa sun tafi hutu. In yunwa ta kama ki da la'asar, ki nemi inda aka rubuta service continu, ko ki shiga gidan burodi ki sayi sanwici.

Lissafi kuwa, a wurinsu kawo shi ba a tambaya ba tamkar korar baƙo ne. Sai kin ɗaga hannu kin ce l'addition, s'il vous plaît. Kuɗin hidima yana cikin farashin da aka rubuta, don haka tukwici ganin dama ne. Yuro ɗaya ko biyu ya wadatar in kin ji daɗin hidimar.

Tunda ana maganar kuɗi, ga inda baƙi ke asara. In aka tambaye ki ruwa kika ce to kawai, na kwalba za a kawo a saka a lissafi. Ki ce une carafe d'eau, ruwan famfo ne mai tsabta kuma kyauta ne, haka ma burodin da ke kan tebur. Da rana ki duba allon da aka rubuta formule ko plat du jour, ya fi zaɓen abinci ɗai-ɗai araha nesa ba kusa ba. In an tambaye ki yadda kike son gashin nama, ki ce bien cuit, in ba haka ba zai zo da ja a cikinsa. Steak tartare kam ɗanye ne sharaf, da ɗanyen ƙwai a kai. Kuma duk inda kika shiga ki fara da bonjour. A nan sun yi kama da mu: wanda ya faɗo da buƙata ba gaisuwa, fuskar shanu zai gani.

Tambaya: An ce abincinsu lami ne. Gaskiya ne? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Ga harshen da ya saba da attaruhu, makon farko haka zai ji. Daɗin girkinsu daga man shanu da romo da cuku da ganyayyaki yake fitowa, abin da suke kira mai zafi bai wuce mustad ba. Ki tafi da yajinki a ƙaramar kwalba da aka rufe da kyau, ko ki nemi harissa, wato kwaɓin barkono, a gidajen kuskus na 'yan Aljeriya da Tunisiya. Kilishi dai ki bar shi a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama.

Tambaya: Daga filin jirgin Charles de Gaulle, yaya zan shiga gari ba a cuce ni ba? Daga wani malamin makaranta a Damagaram.

Amsa: Malam, bi alamar jirgin ƙasa na RER B. Jirgin zai kai ka Gare du Nord cikin kusan minti 35. Tikitin filin jirgi daban yake da na cikin gari: a shekarar 2025 yuro 13 aka sayar da shi, na metro kuma 2.50, kodayake sukan ƙara kaɗan a farkon shekara. Sayi katin Navigo Easy a yuro 2 ka riƙa loda tikiti a kai. In tasi za ka hau, je layin tasi na hukuma a wajen ƙofa. Farashinsu zuwa cikin Paris ƙayyadadde ne, kuma duk wanda ya tare ka a cikin zaure yana cewa taxi, ba na hukuma ba ne.

A metro ba a rubuta gabas ko yamma, sunan tashar ƙarshe ake bi. A layi na 4, Porte de Clignancourt arewa ke nan. Sortie mafita ce, correspondance wurin canjin layi. Kada ka bi bayan wani ka wuce shinge ko da ya yi maka tayi, masu binciken tikiti kan tsaya a lungu, kuma tara nan take ake biya. Jakarka ta dawo gaba, waya ta fita daga aljihun baya, domin 'yan sane sun fi aiki a daidai lokacin da ƙofa za ta rufe.

Ranar komawa ce ake yawan kuskure. RER B yana rabuwa biyu a Aulnay-sous-Bois, reshe ɗaya filin jirgi, ɗaya Mitry-Claye. Duba allon da ke saman dandamali ka tabbata an rubuta Aéroport Charles de Gaulle kafin ka sa ƙafa, kuma ka san lambar zauren da jirginka zai tashi, don tashoshi biyu ne a filin.