Rigar kakanmu: daga ina ta fito, kuma nawa ta kai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Bayan rasuwar mahaifinmu mun buɗe adakarsa a gidanmu da ke Birni, muka tarar da wata babbar riga ta saƙi mai aikin hannu a ƙirji da baya, an yi mata shafi da jan ƙyalle mai sheƙi. Dattawan gida sun ce ta kakan mahaifinmu ce, wai Sarkin Damagaram Tanimu ne ya ba shi ita. Wani dillali ya taya ta jaka hamsin, ƙannena kuma suna son a sayar. Ta yaya zan san inda aka yi ta, da shekarunta, da abin da ta cancanta? Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa Aljanna ce makomarsa. Kafin komai ina roƙonki kada a wanke rigar nan, kada a kai ta bugu, kuma kada a karɓi kuɗin kowa a kanta tukuna, domin shaidar da za ta amsa tambayoyinki tana jikin rigar, kuma wanki ɗaya yana iya tafiya da ita.

Ki shimfiɗa ta a inuwa bisa farin zane mai tsabta, ki juya cikinta waje. Tsohuwar riga ba daga yadi mai faɗi ake yanko ta ba. Masaƙa suna saƙa ƙwarya siririya, wato dogon ƙyallen saƙi, wani lokaci faɗinta bai wuce yatsa biyu ko uku ba, sannan a jera ƙwaryoyin a harhaɗa su da allura ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa masana riga suke fara ƙirga ƙwarya, don yawan ƙwarya da sirantarta su ne ma'aunin wahalar da aka sha. Ki duba ɗinkin da ya haɗa su. Na hannu ba ya tafiya daidai, wani taku ya fi wani tsawo, na keke kuwa jere yake da zare sama da ƙasa. Keken ɗinki bai yaɗu a ƙasar nan ba sai bayan zuwan Faransawa a 1899, saboda haka idan keke ne ya haɗa jikin rigar gaba ɗaya, to ba ta ga zamanin Tanimu ba, wanda ya rasu a 1884. Amma ɗinkin keke a bakin wuya ko a wurin wata ɓaraka kaɗai gyara ne na daga baya, ba ya rage mata shekaru.

Zaren aikin shi ne babban mashaidi. Tsofaffin masu aikin riga suna amfani da auduga kaɗin mazari, ko kuma zaren tsamiya, wato silikin da ake samu daga gidan wata tsutsa mai zama a itacen tsamiya. Launinsa fari ne mai duhu-duhu ko ruwan ƙasa, ba ya ɗaukar ido, kuma kaurinsa ba ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe. Zare mai santsi da walƙiya, wanda kaurinsa bai canzawa, na masana'anta ne. Idan akwai silin da ya riga ya zare da kansa daga ciki, a ƙona shi shi kaɗai nesa da rigar: siliki yana warin ƙonannen gashi, auduga tana warin takarda ta bar toka mai laushi, zaren roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Kada a yanki rigar saboda wannan gwaji.

Jan shafin da kika ambata ya fi komai jan hankalina. Idan alharini ne, wato jan silikin da fatake suke kawowa daga Tarabulus ta Gat da Agadas, to yana nuna zamanin da ayarin Sahara yake da rai, lokacin da Damagaram take babban zango tsakanin Kano da arewa, attajirai irin su Malam Yaro suna juya dukiya a garin nan. Wannan ciniki ya yi sanyi a farkon ƙarni na 20, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin hanyar teku.

Game da asali, mutane suna yawan ganin zanen da ake kira aska takwas ko aska biyu a aljihu, da zagayayyen zanen da ake kira tambari a dama da baya, su yanke cewa rigar Nufe ce. Wannan zane ya game ƙasar Hausa da Nufe da Ilori, kuma riga ɗaya tana iya ratsa garuruwa uku kafin ta kai wuyan mai ita: a saƙa a wani gari, a rina a wani, malamai da almajiransu su yi aikin a wani. Don haka mai gaskiya yankin da ta fito zai faɗa miki. Ki duba gefen aikin da kyau, sau da yawa ana ganin ragowar tawadar da malami ya zana fasalin da alƙalami kafin a sa allura, kuma wannan tawada tana cikin abin da wanki yake gogewa.

Labarin kyautar sarki ba abin rainawa ba ne, domin tufatar da bayin Allah da riga al'adar fada ce, sai dai labari yana buƙatar madogara. Ki zauna da tsofaffin gidanku tun suna raye, ki ɗauki muryarsu a waya, ki rubuta sunan kakan, da sana'arsa ko sarautarsa, da waɗanda rigar ta bi ta hannunsu har ta zo ga mahaifinku. Idan akwai tsohon hoto da aka ɗauke shi sanye da ita, ya fi rantsuwar mutum goma. Dattawan fada ma suna riƙe da tarihin gidajen sarauta, ana iya tuntuɓarsu.

Farashi kuwa ba a yanke shi daga wasiƙa. Abubuwan da suke ɗaga shi su ne tsufa, da sirantar ƙwarya, da zaren tsamiya, da cikar aiki, da lafiyar rigar daga asu da gara, da kuma tarihi mai shaida. Ni dai ban yarda a ɗauki tayin dillali a matsayin ƙima ba, tunda shi mai saye ne don ya sayar. Ki nuna ta ga tsofaffin masu aikin hannu biyu ko uku a Kasuwar Dole waɗanda ba su da niyyar saye, sannan ki aika hotunan gaba da baya da ciki ga ma'aikatan gidan tarihi na Zinder ko na Bubu Hama da ke Yamai. Ki kuma sani cewa Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, fitar da irin wannan kaya waje yana buƙatar izinin hukuma.

Rigar tana cikin gado, ƙannenki suna da haƙƙi a kanta. Idan an san ƙimarta, wanda yake son riƙe ta yana iya biyan sauran magada rabonsu a gaban malamin da ya raba gadon. Kafin nan a naɗe ta da farin zanen auduga ba tare da leda ba, a ɗora ta nesa da ƙasa da bangon da yake jiƙa, a riƙa fito da ita ta sha iska a inuwa bayan kowace damina.